Saitin Baba

Tun daga gadar ƙarfe siginar motar Baba take ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas. Muka wuce coci, muka wuce gidan mai, babu inda muka karya kwana, ita kuwa tana ta yi. Ina zaune a gefensa, ragowar kek ɗin da abokan aikinsa suka yanka masa don bikin ajiye aikinsa na kan cinyata. Na dubi 'yar fitilar da ke ƙiftawa, na dubi Baba. Yana tuƙi yana murmushi shi kaɗai, yatsunsa na hagu suna ta yawo a kan sitiyari. Na mayar da idona kan kek ɗin. Ni dama ba mai magana ba ce, na gama jami'a akwai malaman da ba su san muryata ba.

"Shawna," ya ce da ƙarfi, kamar ina tsallaken rafi, "daga yau ba mai tashina da asuba. Ni da tsohuwa sai mun gaji da juna."

Ba Mama yake nufi ba. Tsohuwa ita ce mandolin ɗin da ya gada wajen mahaifinsa, Kaka Arvil, abin kiɗa mai tsirkiya kamar 'yar ƙaramar jita. Bayanta ya goge ya yi fari daidai inda take taɓa ciki, akwatinta kuwa da igiyar takalmi ake ɗaure shi.

Kusan shekara arba'in Baba ya yi a injin yankan katako na garinmu, a bakin babban zarto. A nan gabashin jihar Kentucky ta Amurka, in tsohon ma'aikacin injin ya ɗaga maka hannu, da wuya ka ga yatsun sun cika. Baba ya fito da nasa goma cif, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Kamfani yakan raba musu abin toshe kunne, shi sai ya zuba nasa a aljihu, Mama ta riƙa tsintarsu a wajen wanki.

"Zarto magana yake yi," yakan ce. "Kafin ya ci mutum sai ya sauya murya. In akwai ƙusa a cikin gungume, in haƙori ya dushe, za ka ji. Wanda ya toshe kunne shi ke barin yatsansa a cikin garin katako. Ni kuwa ina da aikin da zan yi da nawa."

Kowa ya san aikin. Kaka Arvil ya bar wani kiɗa da shi ya ƙirƙira, ba shi da suna sai kiɗan Arvil. Duk Lahadin farko ta watan Yuni, ranar gyaran kabari, dangi kan hau tudu su share makabartarmu, su jera furanni, a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa, sannan a yi kiɗan a bakin kabarinsa. Mandolin ce ya kamata ta ja shi. Tun rasuwar Kaka, duk shekara sai an ce Baba ya ja, duk shekara amsarsa ɗaya: ba zai taɓa kiɗan mahaifinsa da hannun da ya kwana a zarto ba, sai ya ajiye aiki ya sami lokacin gyara hannu. Abokinsa Hobart ne ke jan shi da goge, riƙon ƙwarya, har gashin kansu su biyun ya yi fari.

Watannin farko ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin nasu ba. Da ya sha kofi sai ya fita baranda, da sanyi ya shigo ya dawo gefen murhu. Yana kiɗa idonsa a rufe, kansa a karkace, bakinsa a ɗan buɗe kamar yaro. Yatsunsa suka yi kanta. Gudun da ya ɓace masa ya dawo, har ya fi na da. In na dawo daga ɗakin karatu na ƙaramar hukuma inda nake aiki, tun daga bakin hanya nake jiyo shi.

Abin da nake jiyowa ne matsalar. Mandolin tsirkiya takwas gare ta, biyu-biyu, kuma kowace biyu dole su zama murya ɗaya. Na Baba ba sa zama. Kamar mutum biyu ne ke rera waƙa ɗaya, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya kauce. Siraran nan na ƙasa kuwa yakan yi ta murɗa musu kunne, wato maɓallan da ke can saman wuyanta, har su haye inda bai kamata ba. Sautin ya yi tsami, irin tsamin da ke sa mutum ya ji haƙoransa. Yatsun suna sauka daidai inda ya dace. Abin da ke fitowa ne ba daidai ba.

Mama kuwa sai ta tsiri ziyarar marasa lafiya. Har matan da ta yi shekaru ba ta gaishe su a coci ba ta kai wa miya.

Ranar Juma'a da yamma makaɗan garin kan taru a bayan shagon Delmer mai sayar da abincin dabbobi, su yi da'ira da kujeru a tsakanin buhuna. Da can Baba sai ya yi wata bai leƙa ba, yanzu shi ke riga kowa. Ni ke tuƙa shi saboda hasken motoci na damun idonsa in za a dawo. Nakan zauna a kan buhun masara da littafi a buɗe, ba na karantawa.

Da'irar tana da ƙa'idarta. Ba a cewa wane, kai ne. Mai jan kiɗa, Kawu Hobart, shi ke ɗaga wa mutum haɓa, shi ke nan an ba shi fili, sauran su sassauta su bi shi a hankali har ya gama. Ba a roƙon fili, ba a kuma tambayar dalilin da aka hana.

"Verlin," in ji Kawu Hobart tun kafin Baba ya gama kwance igiyar akwati, "miƙo mini tsohuwar nan in gaishe ta. Matar da ta fi mijinta kyau."

"Goge hannunka tukuna, ka ci gyaɗa."

"Ji shi! Ina riƙe ta tun kana fitsarin kwance."

"Wata uku ka ba ni, Hobart."

"Wata uku ba wasa ba ne, yaro. Miƙo."

Baba ya miƙa yana dariya. Nan take Delmer ya jingine jitarsa ya matso da kujera, ya kama ba Baba labarin wani mutum da ya zo sayen abincin kaji ya tafi da na zomo. Yana labarin yana ɗaga murya, yana dafa gwiwar Baba don ya dube shi. A bayansu Kawu Hobart ya sunkuyar da kai, yana taɓa tsirkiya ɗaya-ɗaya a hankali, yatsunsa na murɗa kunnuwan. Labarin Delmer ya ƙare daidai lokacin da ya gama.

"Kai, ba a ƙera irinta yanzu," ya ce, ya mayar masa.

Sai da na ga haka Juma'a uku ko huɗu kafin na gane. Kullum gaisuwa, kullum labari. Delmer har ya fara maimaita labaransa. A ranakun nan in aka ɗaga wa Baba haɓa, kiɗansa na fita tas, mutane su buga ƙafa, shi kuwa ya ɗan ɓata fuska kamar wanda aka zuba wa ruwa a kofi. A hanyar gida yakan ce shagon Delmer na da danshi, yana kashe wa kaya murya.

Wata Juma'a a watan Afrilu, da Kawu Hobart ya mayar masa, Baba ya kai ta kusa da kunnensa ya kaɗa, ya sake kaɗawa.

"Na gano ka, Hobart."

Delmer ya ja kujerarsa baya. Mai kaɗa banjo, wani irin gurmi, ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

"Hannunka ne. Ba danshi ba ne, hannunka ne mai dafi. Duk sanda ka taɓa ta sai ta yi sanyi. Haba, mutum ya tsufa har ya kasa riƙe kaya bai ɓata saiti ba?"

"To, ja mata kunne, malam gwani," in ji Kawu Hobart, yana kallon ƙasa.

Baba ya ja. Muna zaune muna ji ya rushe duk abin da aka gyara, tsirkiya bayan tsirkiya, har ta koma yadda yake so. Ya yi murmushi ya ce, "Yauwa. Ga ta nan."

Aka fara kiɗa. Haɓar Kawu Hobart ta je kan Delmer, ta je kan mai banjo, ta tsallake Baba ta koma kan gogensa. Aka sake wani, ta sake tsallakewa. Baba yana ta gyara zama, yana matso da kujera gaba, yatsunsa a shirye a kan wuyan mandolin. Har aka tashi ba a ba shi fili ba.

"Hobart ya fara ruɗewa," ya ce a mota. "Kin ga yadda ya riƙa manta ni? Allah sarki. Kada ki gaya wa kowa."

Ran Talata Kawu Hobart ya zo ɗakin karatu, wurin da ban taɓa ganinsa ba. Ya tsaya gaban teburina da hularsa a hannu, ya ɗauki wani littafin dafe-dafe yana jujjuyawa.

"'Yar Verlin, ke za ki gaya masa."

"Ni, Kawu?"

"Ke. Ke kika yi karatu."

"Karatun tsirrai na yi."

"To ai shi ma kunnen nasa ya bushe, duk ɗaya ne." Ya yi 'yar dariya, ta mutu a bakinsa. "Ki ji. Tun muna satar tuffa a gonar fasto na san shi. In ni na faɗa, na rasa aboki. Ke kuwa duk fushinsa ba zai sallame ki daga zama 'yarsa ba. Ranar kabari ta matso. Goggonsa Imogene za ta zo, kin san ta, ba ta san kara ba, abin da ta ji shi za ta faɗa a gaban kowa. Ba zan bari ya tsaya a bakin kabarin ubansa ana kallon ƙasa ba. In ba a gyara ba, ni zan ja kiɗan kamar kullum. In ce mantuwa na yi, tunda dama ya ce na ruɗe."

"Wa ya gaya maka ya ce haka?"

"Shi. Ya kira ni a waya yana tambaya ko ina shan maganina."

Ban iya gaya masa ba. Na shirya maganar a mota, na shirya ta a wajen wanke-wanke, da na ga fuskarsa sai ta narke. Abin da na iya shi ne na sayo 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kan mandolin, in tsirkiya ta yi daidai ta nuna kore, in ta kauce ta nuna ja. Na san ra'ayinsa a kanta. Sandar makafi yake ce mata. Duk saurayin da ya zo shagon Delmer da ita sai Baba ya tambaye shi ko a gida ya baro kunnuwansa.

Na ajiye masa a gefen kofi.

"Mene ne wannan?"

"Kyauta aka ba ni," na ce. "Na ce ko za ka gwada, ka ga ko tana aiki."

"Au, ni zan gwada ta. To, kawo mu ga ƙaryarta."

Ya maƙala, ya kaɗa ta farko. Ja. Ta biyu, ja. Duk takwas ɗin ja, siraran ma har allurar na'urar ta kwanta gefe. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kin gani? Ko ɗaya ba ta ci ba. Bari ki ji abin da take so."

Ya bi ta a hankali, yana sassauta wannan yana ɗaure waccan, har duk suka yi kore. Ya ja yatsa a kansu. Sautin ya cika kicin, mai tsabta, kamar an buɗe taga. Mama da ke yanka albasa ta tsaya da wuƙa a hannu.

"Kin ji?" in ji Baba, ya yamutsa fuska. "Kamar an jiƙa ta a ruwa. Wannan shi suke kira saiti. Mayar musu da abinsu, 'yata, an cuce ki ko da kyauta ne."

Ya cire ta ya jefa a aljihun tebur inda ake tara batir da maɓallai, ya zauna ya mayar da saitinsa.

Saura mako biyu ranar kabari abin ya fashe, a kan abincin yamma. Wake ne da burodin masara. Baba yana ta lissafa yadda za a yi: shi zai tsaya ta wajen kan kabarin, Hobart ta hagunsa, zai ja zagayen farko shi kaɗai ba mai bin sa.

"Shi kaɗai," in ji Mama, tana kallon kwanonta.

"Me kika ce?"

"Na ce ci wakenka."

"Glenna, in za ki yi magana ki buɗe baki. Kullum kina ƙunƙuni kamar mai addu'a."

Mama ta ajiye cokali. Ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, har karenmu ya tashi daga bakin ƙofa.

"To ga shi na buɗe! Ba ƙunƙuni nake ba, Verlin, kai ne ba ka ji. Ba ka jin waya, ba ka jin ƙararrawar coci, ba ka jin ni. Na ce ka je likita ka ce na'urar ƙara ji ta tsofaffi ce. Shekara nawa ina jira ka bar zarton nan mu zauna mu yi hira kamar mutane? Ka bar shi ka ɗauko wani ka shigo mini da shi cikin gida."

"Kiɗan nawa ne zarto?"

"Saitinka! Saitinka ya lalace, kowa ya sani. Kana tsammani sha'awar tsohuwarka Hobart yake yi? Saita maka ita yake yi, Delmer na ɗauke maka hankali da labarin zomo. Garin nan kaf an sani, har yaran makaranta. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Baba ya yi dariya, ya juyo wajena don in taya shi.

"Kin ji uwarki? Shawna, kin ji?"

Na so in ce wani abu. Na kalli gishirin da ke kan tebur. Ina jin idonsa a kaina, yana jira, har dariyar ta sauka daga fuskarsa. Ya goge bakinsa, ya tura kujera baya, ya ɗauki mandolin ya fita.

"Da kin bari bayan ranar," na ce wa Mama.

"Da ke kin faɗa kafin yau," ta ce. Ta tashi ta kwashe kwanuka, nasa ko rabi bai ci ba.

Rana ba ta faɗi ba tukuna. Na fita kwashe shanya, na hango shi ta ƙofar rumfar da yake ajiye kayan aiki. Yana zaune a kan gungume, ya kifa bayan mandolin a kan muƙamuƙinsa, ya danne sosai, yana kaɗa tsirkiya biyu tare da babban yatsa. Ba saurare yake ba. Haka na taɓa ganin yana ɗora tafin hannu a kan teburin zarto in yana shakkar wani abu. Tsirkiya biyu in sun saɓa, itacen kan yi wata 'yar karkarwa, ta zo ta koma, ta zo ta koma. In sun daidaita sai ya tafi sumul. Ya kaɗa, ya jira. Ya sake kaɗawa. Ya koma biyun gaba. Na tsaya da zanen gado a hannu har sauro ya fara cizona, shi bai ɗago ba.

Washegari ba a yi kiɗa a gidanmu ba, haka jibi. Shirun ya fi tsamin ciwo. Mama ta fasa ziyara ta zauna a gida, ta yi masa kek ɗin tuffa, ya ci ya ce an gode. A rana ta uku ina shirin fita aiki ya tare ni a baranda.

"Ina abin nan naki mai fitila?"

Na ɗauko masa. Ya maƙala, ya bi ta har duk suka yi kore, bai yi gardama da ko ɗaya ba. Ya kaɗa zagayen farko na kiɗan Arvil.

"Haka ne daidai?" ya tambaya.

"Haka ne, Baba."

"Haka kuke jin daɗinsa."

"E."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa, ya buɗe su ya rufe.

"Na tsare su da kyau," ya ce. "Je ki, kada ki makara."

Daga ranar ya koma kiɗa, amma ba irin na da ba. Yakan zauna a miƙe kamar mai jiran likita, ya maimaita kiɗan Arvil daga farko zuwa ƙarshe, ya duba fitila, ya sake. Idonsa a buɗe, a kan yatsunsa. Da ya ga ya isa sai ya rufe akwati ya fita ya yi ta sassabe a bakin shinge, wurin da ba ya bukatar sassabe. Ran Juma'a ya ce in gaya wa Hobart ba zai zo ba, amma ranar kabari shi zai ja. Na kai saƙon. Kawu Hobart ya dube ni, na gyaɗa kai, ya ce, "To," ya shiga neman wani abu a cikin akwatin gogensa.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Dangi suka cika tudun, har waɗanda suka koma Ohio da Michigan neman aiki, da 'ya'yansu masu wani irin harshe. Maza suka yanke ciyawa, mata suka wanke duwatsun kabari suka jera furanni, na roba da na lambu. An shimfiɗa katakai a kan ƙafafun itace suka zama tebur, aka jera soyayyen kaza, da dankali, da koren wake, da kek kala-kala. Aka hauro da Goggo Imogene, ƙanwar Kaka Arvil, a kan kujerarta, maza biyu na ɗauke da ita tana yi musu faɗa.

"A hankali, 'yan banza, ba gawa kuka ɗauko ba tukuna! Ina Verlin? An ce bana kai za ka yi. Allah ya sa ba sai na shiga ramin nan za ka fara ba."

"Yau ne, Goggo."

"Me?"

"Ya ce yau ne!" in ji Mama.

"To ai na ji, ba kurma ba ce ni."

Bayan an ci abinci fasto ya yi addu'a, makaɗa suka fara buɗe akwatuna. Baba ya ja ni bayan wata bishiya, ya juya wa mutane baya, ya fito da 'yar na'urar daga aljihun riga.

"Duba mini, rana ta hana ni gani."

Na kare ta da tafin hannuna, yana kaɗawa ina cewa ƙara, sassauta, ya yi. Da muka gama ya cire ta ya danƙa mini, ya rufe yatsuna a kanta don kada a gani.

Ya tsaya ta wajen kan kabarin. Kawu Hobart ya matso hagunsa, ya buɗe baki kamar zai ce a miƙo masa tsohuwa, ya fasa. Ya ɗaga masa haɓa.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Zagayen farko shi kaɗai, sauti siriri mai tsabta yana gangara tudun, har yaran da ke guje-guje tsakanin kaburbura suka tsaya. Wurin nan da kiɗan ke hawa sama ya yi kamar zai tsinke, wanda gogen Kawu Hobart kullum ke zagaye shi, Baba ya haye shi kai tsaye ya sauko. Sannan jita ta shigo, banjo ta shigo, goge ya bi su a hankali. Delmer yana kiɗa yana kuka bai damu da gogewa ba. Mama ta toshe bakinta da gefen rigar girki.

Ni fuskarsa nake kallo. Ya cije haƙora, jijiyar wuyansa ta fito. Duk sanda ya hau siraran nan sai gefen idonsa ya motsa, kamar mai haɗiyar magani. Yana bin yatsunsa da ido ɗaya bayan ɗaya, yadda mutum ke bin matakala a cikin duhu. Kowa a tudun nan yana jin kiɗan Arvil. Shi abin da ke shiga kunnensa wani abu ne jiƙaƙƙe, karkatacce, kuma ya san haka zai riƙa jin sa duk ranar da ya yi shi daidai. Bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Aka gama. Ba a yin tafi a makabarta, amma 'yan Ohio suka tafa, sauran suka bi su. Goggo Imogene ta miƙo hannu ta kama hannun rigarsa ta jawo shi ƙasa, hawaye na bin tamojin fuskarta.

"Arvil ke nan," ta ce. "Arvil ke nan sak. Ɗan nan, ashe kana da wannan ka bar mu da kukan gogen Hobart shekara da shekaru?"

"Na gode, Goggo Imogene," in ji Kawu Hobart. Aka yi dariya.

"Kai rufe mana baki. Verlin, ka ji yadda ta fita kuwa? Ka ji kanka?"

Baba ya dube ta. Ya ɗan dafa bayan hannunta, ya zare rigarsa a hankali.

"A sake!" wani ya ce daga baya. "A sake mana!" Delmer ya share fuska ya gyara jita. Kawu Hobart ya sa goge a wuya, fuskarsa cike da murna, ya juyo ya ɗaga wa Baba haɓa, ya riƙe ta a sama yana jira.

Baba ya durƙusa a kan ciyawa ya kwantar da mandolin a akwati, ya rufe. Mutane suka ɗauka wani abu zai ɗauko, suka ci gaba da surutu. Ya miƙe da akwatin a hannu, ya ratsa ta bayan kujerar Goggo, ya wuce teburin abinci inda Mama ke tsaye da farantin kek ɗin da ta yanka masa. Ta miƙa, bai gani ba, ko ya gani. Ya buɗe 'yar ƙofar shingen, ya fita, ya mayar da ita ya sa sakata, ya kama gangaren a ƙafa.